Kuɗin hanya ba riba ba ne

Mu matan asusu mun iya ƙidayar zubi, mun iya ƙidayar tara da bashi. Amma akwai kuɗin da ke hita daga bakin zanenmu kullum, babu kayen da ya san da su. Su ne kuɗin hanya.

A ce mace ta ɗauki bashin jaka 20 a asusu, ta sari rake nan Junju, ta kai Gaya ta saida jaka 27. Ta dawo gida tana murna, wai ta ci jaka 7. To ina kuɗin amalanken da ya ɗauko raken daga garka? Ina na mota, ita da kayanta, zuwa da dawowa? Ga ɗan dako, ga tikitin kasuwa, ga abin da ta sa a baki da rana. In an cire jaka 4, saura 3, kuma a cikinsu za ta biya abin da asusu ya ɗora kan bashin. In ta ci 7 ɗin nan a tukunya, uwar kuɗi ta taɓa, sai ranar biya ido ya raina fata.

Abin da ke ba mu haushi, doka ta san da wagga magana, amma ga manya. Kamfanin da ke riƙe da cikakken lissahi, kahin ya biya lanho kan riba sai ya cire abin da ya kashe wajen aiki, har da tahiye-tahiye, muddin akwai takardar shaida. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa a dunƙule ake yanka mishi, bisa girman cinikinsa. Mai yankan tikiti ba ya tambayar nawa muka biya a mota. Ko lokacin da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, masu saro kaya suka koma kwalekwale, wahalar hanya ta ƙaru, babu wanda ya cire musu ita. Tunda babu mai cire muna, mu cire da kanmu a kaye, kahin mu kira wani abu riba.

Sai kuma na cikin gida, wanda ba mu son faɗi. Shugaba ko ma'ajiya ta tahi Gaya ko Doso kan takardun ƙungiya, ko ta hau kabukabu zuwa Karakara ko Zabori wajen taro. Aikin na kowa ne, kuɗin motar nata ne ita kaɗai. Kunya ta hana ta tambaya, kar a ce tana cin kuɗin mata. Shi ya sa ranar zaɓe kowa ke sunkuyar da kai, sai mai abin hannu ke karɓar shugabanci, ko da akwai wadda ta fi ta iyawa.

Tun da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, ƙarfin asusu shi ne a ƙirga komi a gaban kowa. Kuɗin hanya ma haka muke son a yi da su. A ƙungiyarmu mun tsaida cewa babu mai tahiya da sunan asusu sai an yarda a taro, an faɗi nawa hanyar ke ci. In ta dawo, ta kawo tikitin mota. In kabukabu ne, tunda ba ya ba da takarda, magatakarda ta rubuta rana da wuri da adadi, mata biyu su dangwala. A biya ta daga kuɗin tara a zaman da ke biye, kahin a rufe akwati.