Tsuntsayen Keji a Bakin Kasuwar Malam Atta



Baƙon da ya sauka Ankara, babban birnin Gana, ya kwana a Nima ko Mamobi, da wuya ya yi mako ba a aike shi Kasuwar Malam Atta ba. Kasuwar tana unguwar Niyu Tawun, wadda a dā ake kira Legas Tawun. Ni ma da na je gaida gwaggona bayan ƙaramar salla, kwana biyu kawai aka ɗaga mini, a na uku ta lissafa mini cefane, ta haɗa ni da jikarta 'yar shekara 9 don ta nuna mini hanya.

Tun daga bakin titi ƙanshin bandar kifi da manja ke tarbar mutum. Ga doya jibge, ga tumatir cikin akwatunan katako, ga albasar da ta yiwo doguwar tafiya daga Nijar. 'Yan mata masu dako, waɗanda ake kira kayayo, suna kutsawa da manyan kwanoni a ka. Kunne kuwa yana jin Tuwi da Ga da Zabarmanci, da Hausar zango mai daɗin saurare.

Mun gama cefane za mu fita sai yarinyar ta ja mini riga. Wani dattijo ne zaune a inuwar shago da keji uku a gabansa. A ciki akwai 'yan tsuntsaye dangin aku, ba su fi tsawon tafin hannu ba in an haɗa da wutsiya, wasu kore, wasu shuɗi, wasu ɗorawa, sai cacaniya suke yi.

"Kawu, saya mini ɗaya," in ji ta.

Na gaida dattijon, na ce, "Baba, a wane daji ake kamo waɗannan?"

Ya yi dariya, ya ce, "Malam, waɗannan ba su san daji ba. A bayan ɗakina aka ƙyanƙyashe su, haka ma iyayensu."

Gaskiya ya faɗa. Wannan tsuntsu, da Turawa ke kira bajariga, ba ɗan Afirka ba ne. Asalinsa busasshiyar tsakiyar Ostareliya, inda yake cin irin ciyawa, yana bin ruwan sama duk inda ya sauka. A shekarar da damina ta yi kyau sukan hayayyafa cikin kogon itatuwa, su taru dubbai a bakin tafki, su tashi gaba ɗaya su rufe sama kamar yadda janbaki ke yi wa gonar gero a ƙasarmu. Na dajin duk kore ne mai ɗorawar fuska. Shuɗi da fari a hannun masu kiwo suka yaɗu. Wani Bature masanin tsuntsaye, John Gould, shi ya kai su Ingila da rai a 1840. Daga nan aka yi ta kamo su ana lodawa a jiragen ruwa, har Turawa suka gane cewa tsuntsun yana haihuwa cikin keji ba wuya: ƙwai 4 zuwa 6, kwanci na kwana 18 ko kusa da haka. A 1960 Ostareliya ta hana fataucin tsuntsayenta na daji zuwa waje. Yau bajariga na cikin tsuntsayen da aka fi kiwo a duniya, garkunansa kuwa suna nan a dajinsu.

Sai na tambayi dattijon aku, mai toka-tokan jiki da jar wutsiya, irin wanda muka taso muka tarar a zauren gidanmu yana kwaikwayon sallama. Fuskarsa ta canja. Ya ce yana saurayi daga kurmi ake kawo su kwando-kwando, amma ya manta rabon da ya ga an kawo ko ɗaya.

Abin da dattijon ya gani da ido, masana sun auna shi. Wani ɗan Gana, Nathaniel Annorbah, tare da abokan aikinsa na Ingila, sun bi wuraren da aka ƙirga aku a 1992. A binciken da suka fitar a 2015 sun nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta. Akwai makwanta uku da kowace ke tara aku 700 zuwa 1,200. Da suka koma, 18 kacal suka gani. Dalili biyu ne: kamu don sayarwa, da sare manyan itatuwan da aku ke sheƙa a kogonsu. Masu kamu sukan shafa danƙo a reshe, su ɗaure wani aku don kukansa ya kira 'yan uwansa, ko su hau su kwashe 'ya'yan daga sheƙa, kuma da yawa kan mutu kafin a isa kasuwa. Shi kuwa aku ba ya gaggawar haihuwa, sai ya yi shekaru kafin ya fara, don haka abin da aka ɗiba ba ya komawa da wuri. A 2016, a taron Johanesbag, ƙasashen yarjejeniyar CITES suka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa.

Tsuntsu biyu ke nan 'yan dangi ɗaya, ɗan Adam ya so su duka. Wanda aka koyi kiwonsa ya tsira da dajinsa, wanda aka dogara ga kamunsa ya kusa ƙarewa a Gana. Saboda haka tambayar da na yi wa dattijon ita ce ta kamaci kowane magidanci kafin ya sa hannu a aljihu, ko aku ne, ko tsirya, ko kanarin da yaranmu ke ɗana wa tarko a bayan gari. Kuɗin mai saye ne ke tura mai kamu daji.

Malamai sun halatta ajiye tsuntsu, suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ba a hana shi ba. Amma sun gindaya sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa, kuma an rawaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Sakin na keji kuwa ba tausayi ba ne, domin bai san neman abinci ba, shirwa ko kyanwa ce za ta same shi.

Na juya ga yarinyar na ce, "Za ki iya zuba gero da canja ruwa kullum, ki share keji, ko ranar da ba ki so?" Ta ce za ta iya. Dattijon ya sa baki: "To Malam, kada ka ɗauki ɗaya. Tsuntsun taro ne, kaɗaici na sa shi rama." Muka ɗauki biyu da keji mafi faɗi, na rungume shi a cikin torotoro har Mamobi.

Da asuba, kafin ladan ya gama kira, na ji sun fara cacaniyarsu a tsakar gida. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Waɗannan kam akwai masu amsa musu a can gidan nasu. Allah Ya sa jikokinmu su tarar da mai amsa wa aku a kurmin Gana, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar abin da ke hannunmu. Amin.