Adakar da ke ƙarƙashin gadon Inna

Gidanmu na cikin birnin Kano ginin ƙasa ne mai rufin azara, duk shekara sai an hau an yi yaɓe kafin ruwan Agusta. Bayan rasuwar Baba, Inna ta ci gaba da zama a ciki ita da jikarta, ga ciwon gwiwa, ga banɗaki can ƙarshen tsakar gida. Da bangon ɗakinta ya tsage, sai mu 'ya'yanta muka yanke shawarar ta dawo wurina, inda na gyara mata ɗaki da falo. Ta daɗe tana ja, daga baya ta amince.

Sai maganar kaya. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tsohuwar Bahaushiya ya san abin da nake nufi: gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwanukan samira har kusa da rufi, kwalla, fanteka, keken ɗinki, randa, dutsen niƙa da ba a taɓa ba tun zuwan injin markaɗe, har da gwangwani cike da sulalla da kwabbai na kafin 1973, lokacin da ake kashe fam. Sabon wurin ba zai ɗauki rubu'in wannan ba.

Da farko mun bi hanya. Nakan je da yamma, ta zauna a kan tabarma, ina ɗago abu tana faɗin a ajiye ko a bayar. Amma kowane kwano da labarinsa. Wannan na gararta ne, wancan gudummawar ƙawarta ce da ta rasu. Sai magariba ta yi ba mu gama da kwalla ɗaya ba. Hadari ya fara haɗuwa, hutun da na ɗauka a wurin aiki ya kusa ƙarewa, haƙurina ya ƙare kafin hutun.

Na roƙi ƙanwata ta ɗauke ta su je wunin suna. Suna fita na kira dillaliya da 'yan gwangwan. Na gaya wa kaina tausayinta nake ji, kada ta ga ana fitar da kayanta. Gaskiyar magana, gajiya na yi da tambayarta, kuma na san in tana nan ba za ta bari ba. Dillaliya ta kwashi kwanuka, 'yan gwangwan suka ɗora ƙarafa a sikeli, har da keken Baba. A ƙarƙashin gado muka jawo wata tsohuwar adakar ƙarfe duk tsatsa. Na buɗe, warin kafur ya bugo, na ga koɗaɗɗun zannuwa. Na ɗaga na sama, na mayar da murfi, na ce wa wani yaro cikin 'yan gwangwan ya haɗa da tsumman ya tafi da ita.

Da daddare aka kawo Inna sabon ɗakinta. Ta duba ko'ina, ta sa mini albarka. Sai bayan sallar isha'i ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gado. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai, ina adakar nan?"

"Inna, tsofaffin zannuwa ne a ciki, na bayar."

"Ka duba har ƙasa?"

Ban amsa ba, ita ma ba ta maimaita ba. Tun kafin ta ƙara magana jikina ya yi sanyi, don hannuna ya tuna inda ya tsaya a cikin adakar. Ta koma ta zauna a bakin gado, ta lissafa mini a hankali. Akwai likkafaninta, farin yadin da ta jiƙa da zamzam a aikin hajji ta shanya ta naɗe. Akwai takardar cinikin gonar Baba mai ɗauke da hannun shaidu. Akwai kuma ƙullin ajiyar maƙwabciyarmu, awarwaron azurfa da 'yan kunnen gwal, da ta ba Inna ta riƙe mata har auren 'yarta. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake ambaton likkafanin ba. Abin da kawai ta riƙa faɗa shi ne, "Me zan ce wa mai ajiya?"

A daren nan na fahimci cewa tambayar da na yi ta yi wa kayan, wato ko ana bukatarsu, ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce na wane ne. Ɗakin tsohuwa a unguwa ma'ajiya ce, domin ita ce ba ta fita kuma ita aka yarda da ita. Takardar gona kuwa ba tata ba ce ita kaɗai. Ba mu raba gado ba, rabonta tumuni ne, ragowar na dukanmu. Ke nan keken Baba da na sa a sikeli ranar ma haƙƙin ƙannena ne, ban kuwa tambayi kowa ba. Ba zan ce ban san halinta ba. Lokacin canjin kuɗin 2023 da idona na ga ta zaro tsofaffin takardun naira daga cikin naɗin zani. Na san abu mai daraja a ƙasan tsumma take ɓoye shi.

Washegari na bi wuraren 'yan gwangwan, ban sami yaron ba, ban ma tambayi sunansa ba. Na je wurin maƙwabciyar da kaina na faɗa mata ni na yi, ba Inna ba. Ta ce ta yafe, Inna ta ce yafiya daban, biya daban. Muka je wurin maƙeri da maƙwabciyar ta kwatanta kayan, aka ƙiyasta, na biya.

Turakar Baba ba a riga an taɓa ta ba, ita muka yi yadda ya dace. Na kira ƙannena duka. Muka fara da takardu, na fansho da na filaye da na asibiti, muka haɗa su a jaka ɗaya kafin a ɗaga ko kujera. Kowane akwati sai an zazzage shi a kan tabarma a gaban Inna, kowane aljihu sai an sa hannu. Abin da yake na gado aka ware shi gefe har a raba. Sauran kwanukan da dillaliya ta bari kuwa, Inna ta kira jikokinta mata ta raba musu da hannunta, tana faɗa wa kowacce asalin nata, cikin wuni guda ta gama. Matar da na ɗauka ba ta iya rabuwa da kaya ce, ashe so take ta san hannun da za su shiga.

Gonar ce har yanzu muke kai. Cikin shaidun cinikin mutum ɗaya ya rage da rai, shi ma ya tsufa ƙwarai. Dagaci ya ce mu kawo shi tare da maƙwabtan gonar a zaga iyaka a rubuta sabuwar takarda, kuma mun sa rana bayan an cire amfanin gona.