Siririn Layin da Ya Ɗaga Darajar Humrata

Wallahi ban taɓa sanin harafi yana da tsada ba sai makon jiya! Shekara goma sha ɗaya ina haɗa humra da turaren wuta a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, sana'ar da na gada wurin kakata, wadda iyayenta suka baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, tafiya ta ƙare musu a wannan ƙasa ta riɗi da dawa. Kwalabena kuwa tsirara nake sayar da su, sai ɗan farin salatif da nake rubuta suna a kai da biro.

Ɗan yayana ne ya tayar da maganar. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya baro Khartum, ba abin da ya tsira da shi sai kwamfutarsa ta hannu. Muna shan gahawar jabana ya ɗauki kwalba ɗaya, ya shinshina, ya ce, "Gwaggo, kayanki sun fi ƙarfin rigarsu. Zo ki gani."

Ya rubuta sunan da nake kiran humrar, Kamshin Amarya, da haruffa masu kauri bai ɗaya. Na ce wannan ai rubutun buhun taki ne. Ya yi dariya, ya danna wani abu. Jama'a! Sai haruffan suka kishingiɗa zuwa dama kamar amarya a kan tuntu. Inda layi ya gangaro ƙasa ya yi kauri, baƙi ƙirin. Inda ya haura sama ya sirance kamar silin gashi, kai ka ce numfashi zai tsinka shi. Kowane harafi da 'yar dunduniyarsa, siririya, mai kaifi. Suna ɗaya, kwalba ɗaya, amma nan take na ji kunyar kuɗin da nake yanka mata.

Na ce, ɗana, wane ne ya ƙago wannan sihiri? Ashe tsohon abu ne. Rubutu mai kishingiɗa, wanda suke kira italik, a birnin Banis na ƙasar Italiya aka fara buga littafi sukutum da shi, a 1501, a maɗaba'ar Aldus Manutius, an kwaikwayo rubutun hannun malaman zamanin. Shi kuwa haɗa kauri da siranta har haka, aikin mutum biyu ne a ƙarshen ƙarni na 18: Firmin Didot a Faris da Giambattista Bodoni a Farma. Kafin su, takarda kaushi gare ta, siririn layi ba ya fita. Sai da aka samu takarda mai santsi da tawada mai kyau. To kin ji asalin tsadar: wanda ya iya buga silin gashi bai tsinke ba, ya nuna yana da kayan aiki na gani na faɗa. Shi ya sa har yau sunan mujallar Vogue da na Harper's Bazaar da wannan zubi ake rubuta su, haka ma Giorgio Armani.

Ni fa ina kallo ina tuna makarantar allo. Malaminmu idan ya fiƙe alƙalami, yakan yanke bakinsa a karkace, shi ya sa ja ɗaya ke fita da kauri, wani da siranta. Yaron ya ce kusan haka ne, sai dai na su Didot daga alƙalami mai tsini ya samo, a danna ya buɗe baki, a sassauta ya tsuke. Ashe abin da nake ganin na Turawa ne, ɗan'uwansa na kan allona tun ina 'yar shekara shida.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Na lura ya rubuta Kamshi, ba Ƙamshi ba. Da ya danna ƙ mai lanƙwasa, sai wani ɗan akwati fanko ya fito a wurinta. Masu zanen haruffan ba su san da mu ba! Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa. Haka ya zauna har la'asar, ya yanko lanƙwasar kan harafin f, ya ɗora wa k, yana ragewa yana ƙarawa, har ta zauna daram kamar da ita aka haife shi.

Kuskure na biyu nawa ne. Na nace a rubuta lambar waya da kayan haɗi da wannan salo. Da sitika ta fito daga firinta, siraran layukan duk sun ɓace, lambar 4 ta koma kamar 1. Takarda goma muka yi asara. Wannan rubutu na babban suna ne kaɗai. Ƙananan bayanai a ba su harafi mai jiki. Sunan da muka rubuta da Larabci kuma muka ba shi salon diwani, don shi ma ya iya rangwaɗa.

'Yan'uwana masu humra, daga nan har Kano da Maraɗi: kafin ku biya mai zane, ku sa ya danna muku ƙ da ɗ da ɓ a gabanku, sannan ya buga gwaji ɗaya daidai girman kwalbar.