Bashin Ƙosai

A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, ina koyarwa a Gwiwa. Kullum da sassafe nakan tsaya wurin wata dattijuwa mai suyar ƙosai a bakin hanya. Ba ta da asusun banki, balle a tura mata ta waya. Ranar da na ce babu tsaba a hannuna, sai ta ce, "Ci abinka, ɗan nan, Allah ya kawo mana sauƙi." Ta ƙunshe min a takarda, ta barbaɗa yaji, har da gyara.

Sati uku ina ci, bashi ya kai naira 3,000. Ana cikin haka aka mayar da ni Kazaure, na tattara na tafi. Ba mantawa na yi ba, raina kuɗin na yi. A raina na ce, duk ranar da na leƙo zan biya.

Sai bayan babbar salla na koma. Na tarar da murhun a mace, ciyawa ta tsiro tsakanin duwatsun. Jikarta, wadda take ɗaukar mata talla, ita ta kai ni gida. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ina kasko?"

Ta ce, "Malam, jari ne ya karye."

Ta shiga lissafa min da yatsu: wake kwano biyu takan karɓa wurin mai awo, ta biya da yamma. Ga mai markaɗe, ga mai man gyaɗa, ga mai itace, kowa cinikin ranar yake jira. Mu da muka ci muka tafi mun kai goma. Da ta kwana uku ba ta kai kuɗin wake ba, mai awo ya hana ta. Ba ta yi min gori ko sau ɗaya ba, kuma shi ya fi ƙona min rai.

Ni da nake karantar da yara cewa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa kasuwar Kurmi, kuma Bature Barth ya ga bunƙasarta a 1851, ban taɓa tambayar kaina wa yake ciyar da fatake da 'yan dako ba. Irin su Inna ne, masu fura, waina da ƙosai. Tun zamanin wuri, da amana suke juya ɗan abin hannunsu. Abin da na raina, a wurinta kuɗin waken gobe ne.

Na biya, na auno mata wake, na nemi gafara. Ta yafe, amma wata huɗun da gidan ya yi ba ciniki ban iya mayar mata ba. Tun daga ranar, mai talla ba ya miƙo min abu sai kuɗinsa na tafin hannuna.