Amanar Yaron da Bai Fara Magana Ba

Iyaye sukan kawo mini yaro ɗan shekara 2 da bai fara magana ba, wai aljani ne. Nakan yi addu'a, sannan in tambaya: in an kira sunansa yana waiwayowa? Yana nuna muku abu da yatsa?

Yaron da girmansa ya yi jinkiri tafarkin tsaransa yake bi, nawa kawai yake yi. Yana kallon idon mahaifiyarsa, yana kwaikwayon masu salla. Tamowa ko kurumtar bayan sanƙarau kan jawo haka.

Mai larurar da likitoci ke kira otizim kuwa, ko da kunnensa lafiya, sau da yawa ba ya amsa sunansa. Yana kauda ido, yana maimaita motsi ɗaya, sauyi kaɗan na tayar masa da hankali. Wani ma yakan rasa kalmomin da ya iya.

Tantancewar ta likita ce, domin wani yaron kan haɗa biyun. Ku kai shi asibiti da wuri, a fara auna jinsa. Dukansa zalunci ne, ɓoye shi a ɗaki cin amana ne, kuma za a tambaye mu. Allah ya sa mu dace.