Wani Tsohon Ɗaki a Gindin Dutsen Kagoro

Da hutun Kirsimati muka je wani ƙauye a gindin dutsen Kagoro, muka tarar ana gyaran gidan wani dattijo. Bayan gidan akwai tsohon ɗakin ajiya, gara ta cinye rufinsa, damina ta kā da bango guda. 'Ya'yansa suka ce a rushe shi. Dattijon ya ƙi, gama jikansa ya koyi kafinta amma ba shi da wurin aiki, har yana shirin tafiya Kaduna.

Sai aka kafa ginshiƙan maɗaci bisa duwatsu don kada su taɓa ƙasa, aka shafe su da baƙin mai. Sama kuwa azarar giginya ce, gama gara ba ta cika cinta ba. Mu malamai, ɗaukar katako kaɗai aka amince mana da shi! Ran da muka tashi, yaron yana ciki yana ta zarto.