Ƙera Samfurin Jirgin Sama Mai Fukafukai Hawa Biyu

Mai karatu, ko daga wane yanki na Nijeriya ka fito, na tabbata ka taɓa ganin yara suna ƙera motar wasa. A ƙasar Hausa da karan dawa ake yin ta, a wasu garuruwa kuma da waya ko gwangwanin madara. Aikin da nake so in ba ka labarinsa ɗan'uwan wannan wasa ne, sai dai ya fi shi tsananin ƙa'ida. Yaro mai motar kara yana ƙera abin da ransa ya so. Mai ƙera samfuri kuwa yana ɗauko wani abu na gaske ne, ya rage girmansa bisa lissafi, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne abin da nake yi a lokacin hutuna, kuma a cikin dukan abubuwan da na ƙera babu wanda ya koya mini darasi kamar wani tsohon jirgin yaƙi na Ingila da ake kira DH.9A.

An ɗauko haruffan nan biyu ne daga sunan Geoffrey de Havilland, wani mashahurin mai zana jirage. Jirgin ya fara tashi a 1918, shekarar ƙarshe ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana da fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, yana kuma ɗaukar mutum biyu: matuƙi a gaba, mai lura da hanya da bindiga a baya. Injinsa ƙirar Amurka ne, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. Na zaɓe shi ne saboda yana cikin tarihin ƙasarmu. A ƙarshen watan Oktoba na 1925 jirage uku irinsa suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira a Masar, a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka ratsa Sudan da Chadi, suka biyo ta Maiduguri, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. Daga wannan tafiya ake fara ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya.

Kafin ka taɓa reza ko gam, sai ka zauna da rula da fensir, domin tushen aikin shi ne ma'auni. Na zaɓi ma'aunin 1:48, wato kowane tsawo na jirgin gaske sai a raba shi gida 48. Daga bakin fiffike zuwa bakin ɗaya fiffiken jirgin ya kai mita 14. Idan ka raba, za ka sami santimita 29 da ɗan ɗoriya, kusan tsawon rular da ke cikin jakarka. Tsawon jikinsa ya ɗan wuce mita 9, saboda haka a samfuri ya zama santimita 19. Matuƙi mai tsayin santimita 170 zai koma santimita uku da rabi, bai kai ɗan yatsanka ba. Da zarar ka amince da wannan lissafi, ya zama alƙali a kanka. Ba ka da ikon ƙara wa taya girma don ta yi kyau, ko ka rage wutsiya don katakonka ya ƙare.

A ƙasashen Turai ana sayar da sassan irin wannan jirgi na roba a cikin kwali, mutum ya harhaɗa. Ni na fi son in yanka komai da hannuna. Kayan aikina ba su da tsada: kwali mai ƙarfi, totuwar kara, tsinken gora, takarda mai shara-shara, gam, reza, almakashi, matsefata da zare. Da gangar jiki nake farawa. Nakan shimfiɗa zanen a kan allo, in jera dogayen tsinkaye huɗu, in haɗa su da gajeru, har su zama kamar dogon akwaku mai tsukewa wajen wutsiya. Haka ma aka gina na gaske: firam na katako, gabansa an rufe da falanki, bayansa da yadi.

Fukafukai su ne suka fi cin lokaci. A cikin kowane fiffike akwai haƙarƙari masu yawa, dukansu siffa ɗaya, saman kowannensu a lanƙwashe. Wannan lanƙwasa ce take taimaka wa iska ta ɗaga jirgi. Nakan yanka guda ɗaya daidai, in mai da shi abin kwatance, in yanka sauran a kansa. Bakin fiffike kuma zagayayye ne, don haka sai an jiƙa tsinken gora a ruwan zafi kafin ya yarda ya lanƙwasu. A nan ne na ga gaskiyar Hausawa da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan haka sai a lulluɓe fiffiken da takarda, a yayyafa mata ruwa kaɗan. Idan ta bushe sai ta ɗame kamar fatar ganga, haƙarƙarin su fito fili. Masu ƙera jirgin gaske yadin lilin suke sawa, su shafe shi da wani ruwan magani mai ɗame yadi ya kuma hana ruwa shiga. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan: mutanen da suka ƙetare daji da hamada daga Masar zuwa Kano, katako da yadi ne suke riƙe da su a sararin samaniya.

Sai kuma ɗora fiffiken sama a kan na ƙasa. Turaku takwas ne suke tsakaninsu, huɗu a kowane gefe, ban da gajerun da suke bisa gangar jiki. Idan ɗaya ya fi 'yan'uwansa da milimita guda, fiffiken duka zai karkace. Saboda haka nakan yi wa jirgin wata matattara ta kwali wadda za ta riƙe komai daidai har gam ya bushe. Daga nan sai wayoyi. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ne, alhali kowace waya da aikinta. Waɗanda suka tashi daga ƙasa kusa da jiki suka nufi sama waje, su ne suke hana fukafukai naɗewa sama idan jirgi yana tafiya. Waɗanda suka gitta su kuwa suna ɗauke da nauyin fukafukan idan jirgi yana ƙasa. Wayar da kaurinta ya kai milimita 5, a ma'auninmu ba ta fi silin gashi ba. Da matsefata nake zura kowane zare, wani lokaci in kwashe yamma guda a kan huɗu kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙananan abubuwa su ne suke sa samfuri ya yi rai. Farfelar jirgin ta katako ce mai kunne biyu, an manna falle bisa falle, don haka nakan ja mata siraran layuka da fenti ruwan ƙasa. Babu taya a wutsiya, sai wata sanda mai jan ƙasa. Mazaunin matuƙi a buɗe yake, ba rufi, sai ɗan gilashi a gabansa. Jiragen da suka yi aiki a ƙasashe masu zafi akan ƙara musu lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci don kada inji ya yi zafi, su kuma riƙa tafiya da ƙarin taya a ɗaure a jiki, domin inda za su sauka ba lalle a sami makaniki ba. A shekarun 1920 launin azurfa ake shafa musu. Tambarinsu da'ira uku ne: shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a ciki. A ƙarshe nakan goga ɗan garin gawayi a bayan bututun hayaƙi, in sa ƙura a tayoyi, saboda jirgin da ya yi aiki ba ya zama fes.

Akwai sassa biyu da nake so ka lura da su sosai. Na farko wani zoben ƙarfe ne da ya kewaye mazaunin baya, inda ake kafa bindiga mai jigida. Na biyu kuma maratayan bom ne a ƙarƙashin fukafukai. Wani zai ce a bar su, jirgin ya fi kyau ba tare da su ba. Ni kam na sa su, domin an ƙera DH.9A ne don jefa bom. Bayan yaƙi, sojojin saman Ingila sun yi amfani da shi a Iraƙi wajen kai hari kan ƙauyukan da suka ƙi bin gwamnatin mulkin mallaka. Lokacin da jirage ukun nan suka sauka Kano, shekara 22 ke nan da Turawa suka ci birnin a 1903. Jaruntakar matuƙan gaskiya ce, ƙarfin mulkin da ya aiko su ma gaskiya ne. Wanda ya auna kowace waya da rula, sannan ya ɓoye bindiga, ya yi ha'inci a wurin da ya fi muhimmanci.

Saboda haka a ƙarƙashin samfurin na ajiye ɗan kati. Na rubuta sunan jirgin, da ma'auninsa, da ranar saukarsa Kano, da kuma aikin da aka ƙera shi dominsa. Duk baƙon da ya duƙa yana ƙirga wayoyi, sai idonsa ya kai ga katin.

Idan kana sha'awar gwadawa, ba sai ka fara da jirgi ba. Auna bencin da kake zaune a kai, ko keken da ke gidanku. Rubuta kowane tsawo a littafinka, ka raba shi gida goma, ka yanka kwali bisa abin da lissafi ya ba ka. Za ka tarar cewa akwai ƙusoshi da ramuka da tabo a jikin abin da kake gani kullum, waɗanda ba ka taɓa lura da su ba. Sa su duka a samfurinka, har da ƙafar da ta karye aka ɗaure da waya.